Azumi da Jirgin Ɗan Fari

Duk wanda ya san Kasuwar Daji kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Azumi mai raguna. Guntuwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta. A Dauran aka haife ta cikin watan azumi, aka kawo ta gidan Labbo mai gyaran kekuna, kuma tun daga nan ba a taɓa leƙa gidan an rasa rago ɗaure a turke ba. Takan sayo shi ramamme bayan Sallah, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa, kafin Layya ta zagayo ya zama abin kallo. Da raguna ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da raguna ta yi jinyar Labbo har Allah ya karɓi abinsa. Kuma tana da baki, kar wani ya ce muku ba ta da shi. Dillalan kara sun san shi. In ɗayansu ya taya ragonta tayin wulaƙanci, sai ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta ja igiyarta ta yi gaba.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin nan ke mutuwa a gabansa, shi ne ɗanta na fari, Misbahu.

'Yan zamani za su ce mene ne abin wahala a ciki. To ku saurara. A tarbiyyar da aka yi wa Azumi, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da ci ko shansa. In ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Wannan ita ce kunya, kuma macen da ta rasa ta an gama da ita a bakin mata. Ana yaye Misbahu aka kai shi Dauran wurin yayanta Malam Balarabe, can ya tashi, can ya yi allo. Ita kuwa in ta je ganin gida takan gaida kowa har kajin gidan, ta tsallake shi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, takan tsaya bayan rumbu tana leƙensa har ƙafafunta su yi tsami.

Yaron ya gado hannun ubansa, ya zarce shi. Ya koyi walda a Gusau, ya yi gyaran injin niƙa a Ƙaura, kuma shekarar da aka ba Zamfara jiha, wadda a cikinta Labbo ya rasu, ya kwaso kayan aikinsa da matarsa Rashida ya dawo gidan ubansa. Suka zauna gida ɗaya, uwa da ɗa, Rashida ce gadar da ke tsakani. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In ta dama fura mai kyau sai ta miƙa wa Rashida ta ce, "Ungo, ta yi mini yawa, a ba mai buƙata." Shi kuma ya sha ya yi murmushi, don ya san furar ba ta yi wa kowa yawa ba.

Ana nan sai aljanin ƙera jirgin sama ya shige shi. Ba wanda zai ce ga ranar. An dai ga ya fara bin gidaje yana sayen tsofaffin gadajen ƙarfe na amaren da, yana yanka ƙafafunsu da sandunan gidan sauro yana haɗawa. Ya samo injin wata tsohuwar mota, ya sa aka sassaƙa masa farfela da icen maɗaci, ya cire tayoyin besfa, ya lulluɓe fukafukai da langa-langa mara nauyi. Mutanen yankin Ƙaura dai jirgin ƙasa suka sani, shi ma ya gaji da su ya rage zuwa. Da farko dariya aka yi ta yi. Amma ranar da ya ta da injin farfelar ta kwashe zanen da ke kan igiyar shanya ta watsa shi gidan maƙwabta, sai dariyar ta koma "Kai, yaron nan fa da gaske yake!"

Jirgin ya cinye rabin tsakar gida. Kowane fiffike yana da ƙarfe guda da ya tokare shi daga ƙasa, ya taso daga gindin jirgin ya kama tsakiyarsa. To ga inuwa lafiyayya a ƙarƙashin fiffiken dama, ga ƙarfe a tsaye daidai ɗaurin igiya, ga turken Azumi na da jirgin ya danne. Me kuke tsammani mai kiwo za ta yi? Ta ɗaure ragonta a nan. Wani ƙaton balami ne mai faɗan tsiya, ya kwashe damina guda yana fizgar ƙarfen nan, yana tunkurinsa, yana yi masa fitsari a gindi. Misbahu ya gani sarai, amma wa zai ce wa uwarsa ta kwance ragonta?

Wata safiya da kaka ta kusa, ta sunkuya za ta kwance igiyar, sai ta ga wani siririn layi a gindin ƙarfen, daidai inda walda ta haɗa shi da jikin jirgin. Ta sa farce, farcen ya shige. Ta girgiza ƙarfen, layin ya buɗe baki ya rufe, jan ruwan tsatsa ya tsattsafo. Ba ta san komai game da jirgi ba, amma ta san wannan ƙarfen ne ke riƙe da fiffiken, kuma ta san wanda zai zauna a kujerar.

Nan take ta mayar da ragon gindin dalbejiya. Da ta ga Misbahu ya fito yana goge hannu, sai ta fuskanci ragon ta ɗaga murya: "Kai ɗan banzan rago, ka ji daɗi! Ka tsaga ƙarhen mutane daga gindi. Duk wanda ya dogara da ƙarhen ga ya dogara da kara." Misbahu ya yi dariya, ya je ya duba, ya ɗauko waldarsa ya ɗiga wa wurin. Amma ƙarfen gado siriri ne, wuta na taɓa shi yana ƙonewa, don haka sama-sama ya yi. Ya bi da fenti kore shar, ya ce da Rashida ta gaya wa Inna an gyara.

Ba a yi nisa ba layin ya dawo a ƙarƙashin fentin, ya ma fi da tsawo. Kullum in ya fita masallaci sai ta lallaɓa ta duba, kullum sai ta ga ya ƙaru.

Ta kira Rashida ɗaki. Rashida, yarinya mai hankali da tsohon ciki a gaba, ta fashe da kuka tun kafin a gama magana. Ta ce, "Inna, na gaya mishi, wallahi na gaya mishi har ya yi hushi da ni. Cewa ya yi fenti ne ka tsagewa, ba ƙarhe ba. Kuma ya ce in da abin na da hatsari da Inna ta hana shi. Inna, ke kaɗai ta rage. In kinka hana shi da bakinki, ba ya tsallake maganarki."

Azumi ta ce, "Ni? In tsaya gaban yaron ga in ce ina tsoron shi mutu? Rashida, kina da hankali kuwa?"

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne Alhaji Muhtari, wani ɗan kasuwar hatsi da ke neman kujerar siyasa. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a, sunan Zamfara ya cika rediyo, kowa na tafiya yana ɗaga kafaɗa. Alhaji Muhtari ya zo ya zagaya jirgin da babbar rigarsa, ya ce jihar da ta riga kowa Shari'a ita za ta riga kowa ƙera jirgi. Ya sa aka rubuta sunansa a wutsiya, ya sa rana, ya aika da shela har Zurmi da Shinkafi cewa za a tashi a fakon bayan gari. Daga ranar Misbahu ya daina jin maganar kowa. In an ce masa ya sake ƙarfe sai ya ce sake shi sai an kwance fiffike gaba ɗaya, ga rana ta matso, ga mutane an gayyata. Ya ƙara wa wurin fenti.

Azumi ta ɗauki mayafinta ta nufi Dauran wurin Malam Balarabe, tunda shi ya rene shi. Ta same shi a zaure, ta zube ta ce, "Yaya, ɗanka zai kashe kanshi. Ka zo ka hana shi." Malam ya zo, ba a ce bai zo ba. Amma malamin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin tawada da buzu, me ya sani a walda? Misbahu ya zagaya da shi, ya nuna masa farfela, ya ɗora shi a kujera, tsoho ya sauko yana washe baki. Da aka zo kan ƙarfen ya ga fenti na sheƙi, ya dafa shi ya yi addu'a mai tsawo ya tofa. Sannan ya shiga wurin ƙanwarsa ya ce, "Azumi, ban ga komi ba. Kuma ajali ba ya gaba ba ya baya. In dai zuciyarki ta ƙi kwanciya, ai ɗanki ne, ki hana shi."

"Yaya, kai ma ka san ba ni iyawa."

"To ki bar ma Allah."

Kowa ya tura ta ga bakinta, bakin kuma ya ƙi. Ta daina cin abinci. Ta rame har ragon ya fi ta kyan gani. Ta yi tunanin ta ɗauki taɓarya ta farfasa abin, ta tuna shekarun da ya zuba a ciki, hannunta ya mutu. Ta yi tunanin ta kwanta ciwon ƙarya, ta san zai kai ta asibiti ne ya dawo ya hau jirginsa. Tana wanke-wanke tana jera kalmomin a ranta, gajeru ne, yaro ma zai iya faɗinsu. Amma da ta ji takunsa sai su narke.

Ranar ta zo. Tun da hantsi samari suka rushe gefen katanga suka tura jirgin waje da kabbara. Misbahu ya sa sabuwar riga da hular kwano ta 'yan babur a hannu, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta. Ya ce, "Inna, za ni. A sa mini albarka."

Ga shi nan, kusa da ita har tana jin ƙamshin sabulunsa. Ba kowa a wurin sai Rashida da ke tsaye bayansa tana roƙonta da ido. Azumi ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe da niyyar faɗi. Sai wuyanta ya juya da kansa ya fuskanci bango, kamar yadda ya saba tun ranar da aka haife shi, ta ji muryarta na cewa, "Allah shi kiyaye."

Ya ce amin, ya tashi da murna ya fita. Ya samu abin da ya zo nema.

Rashida ta sulale ƙasa ta ce, "Inna, kin kashe mu." Maganar nan ce ta tashe ta. Ta figi mayafi ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba. A bakin hanya ta tare ɗan kabu-kabu, ya ce ta yi haƙuri, an hana su ɗaukar mata, ba ya son bulala. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Motar da aka ware wa mata kuwa ta cika ta tafi tun ɗazu. Sai ta sa ƙafa. Tsohuwa ta yanki gonakin gero da aka girbe, kututturan kara na sukar tafin ƙafarta, tana gudu tana faɗuwa, tana jiyo lasifika daga nesa ana ta yabon Alhaji Muhtari.

Fakon ya cika maƙil. An ja igiya, maza a gaba, mata can baya gindin itatuwa, 'yan agaji na tsare da tsakani. Tana isa injin na tashi. Ta hango shi cikin kujera, hular kwano a kai, samari na janye duwatsun da aka tokare tayoyi da su. Ba ta ko kalli wajen mata ba. Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, ta ratsa tsakiyar maza tana ture manyan riguna, wani ɗan agaji na biye da ita yana "Hajiya! Hajiya, ba nan ba ne wurinku!"

Nan ta tsaya a fili, gaban mutanen gari uku, ta ware murya iya ƙarfinta.

"Misbahu!"

Sunan ya fito da kaushi, don bakin bai taɓa ɗanɗana shi ba. Na kusa da ita suka ji, wata tsohuwa daga can baya ta ce "La ilaha illallahu!" Amma shi bai ji ba. Ƙarar injin ta haɗiye shi. Sunan da ta adana tun tana yarinya, ta fitar da shi a banza. Jirgin ya fara gangarawa.

Sai ta bi shi. Ta cim masa tun bai yi sauri ba, ta cafke ƙarfen dama da hannu biyu, daidai inda take ɗaure igiya, ta zauna da dukkan nauyinta ta ja baya. Abin da ragonta ya yi damina guda, shi ta yi. Jirgin ya ja ta a ƙasa, tsakuwa ta yage mata gwiwoyi, iskar farfela ta tafi da mayafinta ta bar furfurarta a waje, ba ta saki ba. Ta fizga, ta sake fizga. Aka ji ƙas! Ƙarfen ya rabu daga gindi ya biyo hannunta, fiffiken ya sunkuyo ya daki ƙasa, jirgin ya yi juyi ɗaya kamar jakin da aka ja wa linzami, ya kafe hanci a turɓaya. Injin ya yi tari ya mutu.

Wurin ya yi tsit. Da ma a ce haka ya tsaya. Amma mutanenmu, Allah ya shirye mu, wani daga baya ya ce, "Jirgin da tsohuwa ta karya da hannu!" Sai dariya ta ɓarke, ta bi fakon nan kaf, har da masu riƙe ciki. Ba wanda ya tsaya ya ce, to da a sama ya karye fa? Alhaji Muhtari ya tattara rigarsa ya shige mota ko waiwaye bai yi ba.

Misbahu ya sauko ya cire hular. Ya dubi bakin ƙarfen da ke hannunta, ciki duk tsatsa, ɗan wurin da ya rage da rai bai kai faɗin farce ba. Ya gani, ba shakka ya gani. Amma dariyar na shiga kunnensa, kuma namiji ne. Ya dube ta, karo na farko suka haɗa ido, ya ce a hankali, "Inna, da sahe na durƙusa gabanki. Mi ya hana ki gaya mini a ɗaki?"

Ta ce, "Misbahu," kawai. Ya tuɓe sabuwar rigarsa ya rufa mata a kai, ya juya ya ratsa taron ya tafi.

Garin bai bar shi ya zauna ba. Yara na binsa da waƙa, manya na tambayarsa ko Inna ta ba da izinin tashi yau. Rashida na yin arba'in ya kwashe ta da jaririn da kayan waldarsa ya koma Shinkafi. Bai yi wa uwarsa rashin kunya ba, ko kusa. Duk kaka buhun gero na isowa, duk Sallah turmin atamfa na isowa. Shi ne dai ba ya isowa. Da can ita ce ke kallon bango, yanzu ya karɓe ta.

Ita ma mata ba su raga mata ba. Aka ce ta tsufa ta zubar da kunya, ta kira sunan ɗan fari a gaban maza kai ba ɗankwali. Ta ce su ci kansu. Tunda bakin ya buɗe bai sake rufuwa ba. Duk ranar kasuwa sai ta je tasha inda motocin Shinkafi ke sauke fatake, ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. "Kun ga Misbahu? Misbahu mai walda, ɗana." Su ce sun gan shi. "Da ƙahwahunshi biyu?" Su ce da ƙafafunsa biyu. Sai ta ce alhamdu lillahi, ta koma wurin ragonta. Da wannan ta rayu shekaru, kuma in kun tambaye ta za ta ce ba ta yi asara ba.

Sai wata ranar kasuwa wani direba mai surutu, bayan ya ba ta amsar da ta saba ji, ya ƙara da cewa, "Ai Inna ɗanki ya zama dillalin gadaje. Duk tsohon gadon ƙarhen da ke Shinkafi ya saye shi, har Nijar ake kawo mai."

Azumi ba ta koma gida ba. Ta aika wa maƙwabciyarta ta ba rago ruwa, ta shiga motar Shinkafi ta matsa cikin kujerar baya inda mata ke zama. Wata mai goyo ta tambaye ta gidan wa za ta a Shinkafi. Ta ce, "Gidan ɗana na hwari. Misbahu sunanshi." Matar ta rufe baki da mayafi don kunya.

Mota ta tashi. Har suka wuce Ƙaura suka kama hanyar arewa, matan na ganin tsohuwar na motsa baki, suka ɗauka tasbihi take. Ta kusa da ita ce kaɗai ta ji abin da take maimaitawa, tana koya wa harshenta tun daga nan don kar ya sake cin amanarta in ta isa: "Misbahu, na hana ka. Misbahu, na hana ka."